Tattara Iko ko Rarraba Shi: Wane Tsarin Shugabanci Ne Ke Sa Manufofin Jami'a Su Tabbata?

Kusan kowace jami'a a duniya tana da kundin tsare-tsare na shekara biyar ko goma, wanda aka buga da kyau aka kuma ƙaddamar a gaban taro, inda aka yi alkawarin ƙara yawan bincike, gyara manhaja, buɗe sabbin kwasa-kwasai da rage yawan ɗaliban da ke barin karatu kafin su kammala. Rubuta irin wannan kundi ba ya ɗaukar kwamiti fiye da 'yan watanni. Inda jami'o'i ke bambanta shi ne yawan abin da ke sauka daga takarda ya isa aji da ɗakin gwaje-gwaje, kuma a nan ne hukumar gudanarwa ko sabon shugaban jami'a ke cin karo da tambayar da ba ta kaucuwa: a tattara ikon yanke hukunci a ofishin shugaba da muƙarrabansa, ko a raba shi ga tsangayoyi da sassa?

Kafin a kwatanta tsarin biyu, wajibi ne a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai dangantakar jami'a da gwamnati, akwai kuma dangantakar ofishin shugaba da tsangayoyi a cikin jami'ar kanta. Mutane sukan ɗauka cewa idan gwamnati ta sakar wa jami'a mara, to iko ya bazu ke nan har zuwa kan malamai, amma tarihin shekaru talatin da suka wuce ya nuna akasin haka. A Holan, dokar 1997 ta rage wa majalisun malamai da ɗalibai ikon da suke da shi na yanke hukunci tare da shugabanni, ta mayar da yawancin aikinsu ba da shawara. A Danmak, dokar 2003 ta kawo hukumar gudanarwa wadda mafi yawan mambobinta daga wajen jami'a suke, ta kuma maye gurbin zaɓen shugabanni da naɗi: hukuma ta naɗa shugaban jami'a, shi ya naɗa shugabannin tsangayoyi, su kuma su naɗa shugabannin sassa. Japan ta mayar da jami'o'in gwamnatinta hukumomi masu cin gashin kansu a 2004, tare da ƙarfafa ikon shugaba, Faransa kuma ta yi makamancin haka a 2007, lokacin da ta miƙa wa jami'o'i kasafin kuɗinsu har da na albashi. A duk waɗannan ƙasashe, ikon da ya baro ma'aikatar ilimi a ofishin shugaban jami'a ya yada zango. Abin da za a tattauna a nan shi ne mataki na biyu, wato rabon iko a cikin gida.

Jami'a ba ta tafiya kamar masana'anta, kuma duk wanda ya manta da wannan zai sha mamaki. A 1976 masanin tsarin hukumomi Karl Weick ya siffanta cibiyoyin ilimi da cewa sassansu a ɗaure suke da juna, amma ɗaurin sako-sako ne, ta yadda za a iya jan wannan ɓangare da ƙarfi ba tare da wancan ya motsa ba. Dalilin a fili yake: aikin jami'a na ainihi, wato koyarwa da bincike, yana hannun ƙwararrun da shugabanninsu ba za su iya auna ingancin aikinsu kai tsaye ba. Shugaban jami'a da ya karanci shari'a ba shi da hanyar tantance ko manhajar sashen kimiyyar sinadarai ta tsufa, sai dai ya tambayi masu fannin. Bugu da ƙari, martabar farfesa tana fitowa ne daga takwarorinsa na fanni a sauran jami'o'i, masu duba maƙalunsa da gayyatarsa taruka, saboda haka biyayyarsa a rabe take tsakanin gidan da ke biyansa albashi da fannin da ke ba shi suna.

Babbar fa'idar tattara iko ita ce saurin yanke hukunci da iya motsa dukiya daga wuri zuwa wuri. Idan manufar jami'a ita ce ta kafa sabuwar cibiya da ta haɗa injiniyoyi da likitoci da masana tattalin arziki, babu tsangaya ɗaya da za ta ɗauki nauyinta da son ranta, domin kowace tana ganin ribar ta kowa ce, kuɗin kuwa daga aljihunta zai fita. Ofishin tsakiya ne kaɗai ke iya tara kuɗin ya kuma tilasta haɗin. Jami'ar Jihar Arizona a Amurka misali ce da ake yawan kawowa: bayan Michael Crow ya zama shugabanta a 2002, an rushe wasu tsofaffin sassa aka haɗe su cikin sabbin makarantu da suka ratsa fannoni, kamar makarantar nazarin ɗorewar muhalli da aka kafa a 2006, aka kuma faɗaɗa karatu ta intanet ƙwarai. Da wuya a ce sassan da aka rushe su ne za su kaɗa ƙuri'ar rushe kansu. Haka ma Jami'ar Aalto ta Finlan, wadda aka samar a 2010 ta hanyar haɗe jami'ar fasaha da makarantar tattalin arziki da jami'ar zane-zane, ba za ta samu ba in da an jira kowane sashe ya yarda.

Akwai kuma ayyukan da rarraba su ɓarnar dukiya ce kawai. Rajistar ɗalibai, ɗakin karatu, na'urorin kwamfuta da tsaronsu, gine-gine, da bin ƙa'idojin hukumomin tantance kwasa-kwasai, duk sun fi arha da inganci idan hannu ɗaya ke riƙe da su. An ga amfanin wannan a 2020, sa'ad da annobar korona ta tilasta wa jami'o'i mayar da darussa intanet cikin 'yan makonni, domin wurin da ke da dandalin koyarwa guda ɗaya da ofishi guda mai ba da umarni ya fi sauƙin juyawa fiye da inda kowace tsangaya ke da nata tsarin.

Sai dai saurin yanke hukunci daban, saurin aiwatarwa daban, kuma wannan gibi shi ne raunin tsarin tattara iko mafi girma. Takardar umarni tana iya fita daga ofishin shugaba a rana ɗaya, amma malamin da ba a shawarce shi ba, wanda kuma bai gamsu ba, yana da hanyoyi da yawa na cika umarnin a takarda ba tare da ya canja komai a aji ba. Za a sake wa kwas suna, a cike fom, a aika rahoto mai kyau, darasin kuwa yana nan yadda yake shekara goma da suka wuce. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Mafi muni shi ne shugabannin ba sa saurin gane hakan, domin labarin da ke hawa sama a tsarin naɗi yakan sha tacewa a kowane mataki, tunda wanda aka naɗa ba ya son kai wa wanda ya naɗa shi labari mara daɗi. Jami'ar Aarhus ta Danmak ta ɗanɗana wannan: a 2011 ta haɗe manyan tsangayoyinta tara zuwa huɗu, ta rage yawan sassa, ta kuma tattara ma'aikatan gudanarwa a tsakiya, amma binciken cikin gida da aka yi a 2014 ya nuna cewa an wuce gona da iri wajen tattara iko, kuma ma'aikata suna jin an yi nesa da su, har sai da aka mayar da wani ɓangare na ikon ƙasa. Shekarun da aka kashe ana gini da warwara lokaci ne da aka cire daga koyarwa da bincike.

Wani lokaci turjiyar ba ta tsayawa a ɓoye. A 2012 hukumar gudanarwar Jami'ar Virginia da ke Amurka ta tilasta wa shugabar jami'ar, Teresa Sullivan, yin murabus bisa ganin cewa ba ta sauri wajen kawo canji, amma malamai da ɗalibai da tsofaffin ɗalibai suka yi ca, aka mayar da ita kujerarta cikin kusan mako biyu. A 2015 ɗalibai da wasu malamai sun mamaye ginin gudanarwar Jami'ar Amsterdam tsawon makonni, suna adawa da shirin rage kuɗin tsangayar adabi da harsuna, suna kuma neman a dawo musu da murya a harkar mulki. A duka wuraren biyu doka ta ba shugabanni ikon yin abin da suka yi, abin da suka rasa shi ne yardar mutanen da aikin ke hannunsu. Akwai kuma haɗarin da ba a cika ambata ba, wato tsarin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya yakan canja alƙibla duk lokacin da aka canja shugaba, alhali gina sashe mai ƙarfi a fannin bincike yakan ɗauki lokacin da ya fi wa'adin shugaba ɗaya.

Masu goyon bayan rarraba iko suna da hujja mai ƙarfi, wadda ba ta wuce cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo ba. Shugaban sashe ya san kwas ɗin da ɗalibai ke faɗuwa a cikinsa da dalilin faɗuwar, ya san matashin malamin da wata jami'a ke zawarci, ya kuma san sabon reshen fanni da ke tasowa tun kafin labarinsa ya kai ofishin shugaba. Idan shawara ta fito daga wurinsa da abokan aikinsa, su ne za su kare ta, domin tasu ce. Amma maganar rarraba iko ba ta da ma'ana sai an bi sawun kuɗi, saboda tsangayar da aka ce ta tsara makomarta alhali ba ta iya ɗaukar malami ɗaya ko sayen na'ura ɗaya sai da sa hannun ofishin tsakiya, an ba ta nauyi ne kawai aka riƙe ikon.

Shi ya sa tsarin rarraba iko na haƙiƙa yake zuwa da irin nasa kasafin kuɗi, wanda Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka ta fara amfani da shi a shekarun 1970, daga baya Jami'ar Kudancin Kalifoniya da Jami'ar Indiana da wasu da dama suka bi. Yadda yake aiki shi ne, kowace tsangaya tana riƙe kuɗin da ta samo, wato kuɗin karatun ɗalibanta da kason da ke zuwa tare da tallafin bincike, sannan ita ke biyan albashin ma'aikatanta da kuɗin ofisoshi da azuzuwan da take amfani da su, tana kuma ba da kasonta na ayyukan gama-gari irin su ɗakin karatu. In ta yi rara ta ajiye, in ta yi giɓi ta nemi hanyar cikewa. Jami'ar Harvard ta daɗe da shahara da irin wannan hali na kowa tasa ta fisshe shi, inda kowace makaranta ke da kasafinta da asusun gudummawarta. Tasirin tsarin a kan aiwatarwa yana bayyana nan da nan: shugaban tsangaya da ya san cewa ɗakin da ba a amfani da shi kuɗi yake ci masa zai mayar da shi, wanda kuma ya san cewa sabon kwas mai jan ɗalibai zai ƙara masa kuɗin shiga ba ya buƙatar a matsa masa kafin ya buɗe shi.

Matsalar ita ce kowa yana bin abin da ma'aunin ke sakawa a kai, ko da ya saɓa wa amfanin jami'ar baki ɗaya. Idan ana raba kuɗin karatu ne bisa yawan darussan da kowace tsangaya ta koyar, sai tsangayar injiniya ta fara tunanin koyar da lissafi da rubutu da kanta maimakon tura ɗalibanta wurin masu fannin, domin kada kuɗin ya tsallaka katanga. Daga nan sai a samu kwasa-kwasai iri ɗaya a wurare uku, ɗalibin da ke son haɗa fannoni biyu kuma ya zama abin jayayya tsakanin akantoci. Tsangayoyin da kasuwa ke so, kamar kasuwanci da likitanci, sukan yi ƙiba, masu ƙananan azuzuwa kamar falsafa da harsuna kuwa su rame, ko da jami'ar ta rubuta a kundinta cewa tana alfahari da su. Kuma duk manufar da ta shafi kowa da kowa, kamar daidaita kalandar karatu ko kafa tsarin bai-ɗaya na taimaka wa ɗaliban shekarar farko, sai ta koma ciniki tsakanin shugabannin tsangayoyi, kowa yana tambayar abin da zai samu.

Akwai wani nau'in rarraba iko da bai shafi kuɗi kai tsaye ba, wato inda malamai a dunƙule suke riƙe da hukuncin ƙarshe. Oxford da Cambridge a Ingila su ne fitattun misalai, da kwalejojinsu masu dukiyar kansu da babbar majalisar malamai mai ikon soke shawarar shugabanni. A 2006 majalisar malaman Oxford ta yi watsi da shirin shugaban jami'ar na lokacin, John Hood, wanda ya so a kafa hukumar gudanarwa mai rinjayen mutanen waje. Wasu sukan kawo wannan a matsayin shaidar cewa rarraba iko ba ya hana ɗaukaka, tunda jami'o'in biyu suna sahun gaba a duniya. Gaskiya ne, amma ya kamata a yi hattara da misalin, domin jami'ar da ta tara dukiya da suna na ɗaruruwan shekaru tana iya jure jinkirin da zai durƙusar da ƙaramar jami'a mai fama da giɓin kasafi.

Idan aka ɗora tsarin biyu a kan sikeli, abin da ke fitowa shi ne kowanne yana da matakin da yake makalewa. Tsarin tattara iko yana wuce matakin yanke hukunci da sauri, ya zo ya tsaya a ƙofar aji. Tsarin rarraba iko yana jan ƙafa wajen cimma matsaya, wani lokaci ma ba ya cimmawa sam, amma abin da aka amince da shi yakan zauna da gindinsa. Ta fuskar ɗaukar alhaki ma haka ne: a na farko an san wanda za a tuhuma idan manufa ta gaza, ko da yake sau da yawa ba shi ne ke da hannu a aikin ba, a na biyu kuwa alhakin kuɗi a bayyane yake a kan kowace tsangaya, amma manufar gama-gari takan zama marainiya. Binciken da Burton Clark ya wallafa a 1998 a kan jami'o'i biyar na Turai da suka yi nasarar sauya kansu, ciki har da Warwick ta Ingila da Twente ta Holan, ya gano cewa dukkansu sun ƙarfafa cibiyar jagoranci, kuma a lokaci guda sun zaburar da sassan ilimi har suka rungumi canjin. Ɗaya bai wadatar ba tare da ɗayan ba.

A ganina, hukumar da ke son zaɓa ta fara da duba irin manufofin da ke cikin kundinta kafin ta duba jadawalin muƙamai. Idan mafi yawansu na haɗa fannoni ne, ko rufe abin da ya daina amfani, ko fitar da jami'a daga matsin kuɗi, ko gina kayan aiki na bai-ɗaya, to sai an ƙarfafa tsakiya, kuma duk wanda ya ce za a yi su ta hanyar lallashin tsangayoyi kaɗai yana yaudarar kansa ne. Idan kuwa manufofin sun fi karkata ga ingancin koyarwa, sabunta manhaja, zaɓen malamai nagari da buɗe sabbin fagagen bincike, to a bar hukuncin kusa da masu fannin, ofishin shugaba ya tsaya ga gindaya ma'auni da bibiyar sakamako. Girman jami'a ma yana da tasiri. Ƙaramar jami'a mai ɗalibai dubu biyu ko uku ba ta da dalilin kafa ofishin kuɗi a kowace tsangaya, jami'a mai rassa a garuruwa daban-daban kuwa, irin Jami'ar Kalifoniya mai harabobi goma, ba za ta tafi daidai ba idan kowace takarda sai ta je hedikwata.

Sharaɗin da aka fi mantawa da shi shi ne ƙwarewar waɗanda za a miƙa wa ikon. Shugaban tsangaya yawanci farfesa ne da ya yi fice a bincike, ba a taɓa koya masa karanta kasafin kuɗi ko hasashen yawan ɗalibai ba, kuma sau da yawa yana sa ran komawa cikin abokan aikinsa bayan wa'adinsa, abin da ke sa shi ɗari-ɗari da hukunci mai zafi. Miƙa masa kasafi ba tare da ƙwararren jami'in kuɗi da sahihan alƙaluma ba, jefa shi cikin ruwa ne ba tare da an koya masa iyo ba. Saboda haka jami'ar da bayananta na kuɗi da na ɗalibai ba su inganta ba, gara ta fara gyara su a tsakiya kafin ta yi maganar rarrabawa, domin tsarin da ya dogara da lissafin wane ya samo nawa ba ya aiki a inda ba a yarda da lissafin ba.

Ga jami'a matsakaiciya ko babba wadda ta cika wannan sharaɗi, na fi karkata ga a bar wa tsangayoyi kuɗin shigarsu da ikon ɗaukar malamai da tsara manhaja, amma ofishin tsakiya ya yanki wani kaso sananne daga kuɗin kowace tsangaya ya zuba a asusun manufofin bai-ɗaya, wanda daga cikinsa ne za a tallafa wa fannonin da kasuwa ba ta so amma jami'a ke buƙata, a kuma ɗauki nauyin ayyukan da suka ratsa tsangayoyi. Girman wannan kaso shi ne ainihin wurin da ake yanke hukuncin tattarawa ko rarrabawa, fiye da duk abin da aka zana a jadawalin muƙamai: in ya yi ƙanƙanta, shugaban jami'a ya zama mai roƙo a gidansa, in ya yi yawa kuma, tsangayoyi su daina ƙoƙarin samo kuɗin da suka san ba za su riƙe ba. Ya kamata a bayyana kason da ƙa'idar raba shi a gaban majalisar malamai, a hana kowace tsangaya buɗe kwas da wata ke koyarwa sai da amincewar kwamitin manhaja na jami'a, sannan a tsayar da lokacin sake duba ƙa'idar, misali bayan kowace shekara uku zuwa biyar, domin a gyara ta tun kafin shugabannin tsangayoyi su gama gano hanyoyin zagaye ta.